Ƙofa ta Uku

Kwana uku ruwa yana dukan tsibirin Luzon,
madatsa ta cika har wuya.
Ni, Ligaya Magsino, injiniyar dare,
ni aka bar wa makulli da wayar da ta ƙi yin shiru.

A kan takarda lissafin ba wuya.
In na buɗe ƙofa ta uku,
ruwa zai bi gangare ya cinye ƙauyen masu kiwon agwagi,
gida arba'in da ɗaya.
In na bar ta a rufe, bango na iya tsagewa kafin asuba,
garin da ke ƙasa kuwa rai dubu tamanin ne,
da asibiti, da bakwaini a kwalaben ɗumi.

A jami'a wani malami mai furfura ya koya mana
cewa aiki nagari shi ne wanda ya fi rage kuka a duniya.
A aza daɗi a wannan gefe na sikeli, ciwo a wancan,
mai kuɗi ƙwaya ɗaya, matalauci ƙwaya ɗaya.
Na ci jarrabawarsa da maki mai kyau.
Bai faɗa mana ƙwayoyin suna da fuska ba.

Ni kuwa na san gida na sha bakwai.
Tsohuwa Pasing ce a ciki, mai ƙwan agwagwa na gishiri,
wadda ta taɓa ƙin karɓar kuɗina
wai na yi kama da 'yarta mai aikin jinya a ƙetare.
Na san Dodong mai jan kwalekwale,
da bashin da ya ci watan jiya ya sayo 'yan agwagi ɗari biyar.

Na busa jiniya, na tura motoci biyu.
Minti hamsin na ba su, don ruwa ya hana ni sittin.
Ƙarfe ɗaya da kwata na murɗa makullin.
Ƙofar ta yi gurnani irin na sa a mayanka,
duhu ya karɓi abin da na miƙa masa.

Gari ya waye a bushe.
Mutanen birni suka fito sayen burodi
suna ƙorafin an ɗauke wuta da dare.
A makarantar da aka tara 'yan ƙauye, an ƙirga, an sake ƙirgawa,
saura mutum ɗaya.
An ce ta sauka daga mota ta koma kwance karenta.
Karen ya iso da hantsi, jiƙe, da guntun igiya a wuya.

Shugabana ya dafa kafaɗata, ya ce na yi daidai.
Na sani.
Na maimaita lissafin a bayan rasit, a tafin hannu, a cikin barci,
amsar ba ta taɓa motsawa ba,
kuma in daren ya dawo, ƙofa ta uku zan buɗe.
Sai dai lissafin da ya ba ni amsa
bai zo ya kama mana makara ba.

Ranar jana'iza Dodong ya tsaya kusa da ni,
taɓo har gwiwa. Bai zage ni ba.
Cewa ya yi a hankali, kamar mai tambayar farashi a kasuwa:
Injiniya, da kika ɗora mu a sikelin,
nawa muka kai?