Makullin Gidan Gurza

Shekara ashirin da bakwai makullin nan yana aljihuna,
ya huda riguna uku, yana cin ta huɗu.
Ran da aka kashe injin gurza, Laraba ce,
manaja ya miƙo min shi, ya ce, "Cindo, riƙe, sati biyu."
Sati biyun ne har yau.

Da can, in jiniya ta yi kuka da sassafe
har jakunan Gagarawa sun san shida ta yi.
Mu ɗari huɗu ne, kowa da furfurar aro,
auduga a gira, auduga a hanci, auduga a kwanon koko.
Jirgi ya tsaya, ya yi tarinsa, ya kwashi diloli ya nufi Kano.
Lantana mai waina da cinikin bakin ƙofarmu ta sauke farali.

Sai shiru.
Ba shirun dare ba, shirun gidan da aka fitar da gawa.
Jemagu suka karɓi aiki, ba albashi, ba yaji.
Tumfafiya ta tsiro a kan sikeli.
'Yan gwangwan suka yi ta zare ƙarafa kamar ƙayar kifi.
Ilu ya tafi gadi Ikko,
ƙasa ta rufe Barau yana jiran kuɗin sallama,
'ya'yanmu suka hau acaɓa, suka manta warin angurya.

Bana, bayan girbi, sai ga motoci.
Yara ne, da huluna rawaya kamar an kifa musu ƙwarya.
Ba wanda ya tambayi makulli.
Da injin yanka suka gutsure kwaɗon, ina tsaye,
hannu a aljihu, ina murza abin da ba shi da sauran ƙofa.

Riɗi za a tace, in ji su, da zoɓo, a kai bakin teku.
Suka jera farantan sola a kan rufi;
ranar da ta gasa mu a banza, yau ita aka fara ɗauka aiki.
Suka kawo inji mai ido, mai tsince tsakuwa ɗaya cikin dubu,
ba ya ƙiftawa, ba ya neman izinin zuwa jana'iza.
Mutum arba'in kacal yake so.
Na ƙirga da yatsu: ɗari uku da sittin fa, ina za su?
Ba a amsa ba. Ni ma ban ɗaga murya ba.

Amma kwana tara suna haƙa, ruwa ya ƙi.
Gara ta cinye taswira tun tuni.
Sai injiniyarsu, Hansatu, 'yar Ringim,
ta durƙusa ta ce, "Baba, ina bututun yake?"
Na ɗau sanda, na auna taku sha takwas daga gindin darbejiya,
na karkata hagu, inda Barau ya taɓa gocewar ƙafa,
na ce, nan.
Diga uku, ƙarfe ya amsa.
Sai da na juya baya, kada yara su ga idona.

Yanzu jikata Uwale na ɗinke buhu inda na tsaya da ƙuruciya.
Albashinta ba ambulan, 'yar ƙara ce a waya.
Jikar Lantana ta dawo da tanda bakin ƙofa,
cinikin bai kai na da ba, amma hayaƙi ya tashi.
Jirgi dai bai dawo ba, awaki ke kwana a kan dogo.
Jiniya ma sun ce ba buƙata.

Ni kuwa shida nake farkawa, ba wanda ya kira ni,
in zauna a dakali, in shaƙi riɗi a gurbin angurya.
Jiya Uwale ta ce, "Tsoho, ba ni makullin nan mana."
Na ce, me zai buɗe miki?
Ta ce ba komai, iska ce ke kwashe mata takardun lissafi,
tana neman abu mai nauyi ta danne.
Na ba ta.
Aljihun ya yi sakayau,
har sai da na sake koyon tafiya daga ƙofa zuwa gida.