Wuƙar Tabawa

Kwana arba'in da uku tana kwance a bayan randa,
ba wanda ya taɓa ta.
Ranar da na tashi fafe kabewa
sai ta zame a kan ɓawon kamar mai jin nauyina,
ta bar ɗan zane, ta ƙi shiga.

Na naɗe ta a tsohuwar jarida,
na bi lungun Yakasai na ɓulla Rimi,
na wuce masu attaruhu, na wuce 'yan kaji,
har gindin katangar da Mato ke kafa kekensa,
keken da ya daina zuwa ko'ina tun ina firamare:
taya ɗaya a sama, feda, sarƙa mai baƙin mai,
da dutse zagayayye kamar gurasa.

Mutum huɗu ne a gabana.
Mai tsire da wuƙaƙe shida cikin buhu,
tela da almakashinsa,
wani yaro da addar da ta kai masa ƙugu,
sai wata mata da ta kafe a kan naira hamsin.
Mato na taka feda, dutse na kuka,
tartsatsi na zuba a kan silifas ɗinsa,
ko kallo bai ishe shi ba.

Da layi ya zo kaina na warware jaridar.
Bai dubi fuskata ba, ƙotar ya duba,
inda aka ɗaure tsaga da robar taya,
inda babban yatsa ya ci itace har ya yi wa kansa gurbi.
Ya ce, "Ta Tabawa ce, mai alalar bakin asibiti.
Me ya same ta ta bar ta da tsatsa,
ita da ba ta tsallake Laraba biyu?"

Ban ce komai ba.
Ƙafarsa ta sauka daga feda.
Dutsen ya ci gaba da juyawa shi kaɗai,
yana ja, yana ja, har ya tsaya.
Ya ɗaga tafukansa, na ɗaga nawa.
Mai tsire da ya juya zai tafi, shi ma ya ajiye buhu.

"Da faɗin yatsu huɗu ta fara kawo ta," in ji shi,
"da yarinya a goye, ina jin ke ce.
Dubi yau, ta koma ganyen albasa.
Washi ragi ne, 'yata.
Kowane kaifi da abin da yake ci."

Bai ɗora ta a keke ba, ya ce ta wuce nan.
Daga aljihu ya zaro ɗan dutse mai santsi,
ya ɗiga masa ruwa daga gwangwanin madara,
ya dinga shafa ta a kai, gaba, baya,
kamar mai lallashin jariri ya yi barci.
Ya gwada a gashin hannunsa, gashin ya kwanta.

Na miƙa ɗari biyu, ya maido mini ɗari.
"Haka take biya. Shekara goma muna wannan rigima,
mace ce kaifi ɗaya, ban taɓa kayar da ita ba.
Ba zan ci nasara yau don ba ta nan ba."

Na ce, saura washi nawa a jikinta?
Ya ɗaga ta sama, rana ta bi bakinta.
"In kin lallaɓa, uku."

A gida kabewar ta buɗe ba gardama.
Yatsana bai cika gurbin ba, yana ta yawo a ciki,
yankan ya fito wani ƙato, wani siriri,
irin wanda da ta gani sai ta karɓe, ta ce in matsa.
Na wanke ta, na goge da gefen zanena.
Na daɗe a tsaye tsakanin akwati da kwandon girki.

Kwandon na sa ta.
Gobe akwai kuɓewa.