Sittin da Ɗaya

Shagon Tsunehiko yana hawa na uku,
saman mai taliya, bayan tashar Namba.
Ƙamshin romo ke rako mutum har ƙofa.
Can nake kai ƙunshina duk daren Talata,
kati sittin da ɗaya cikin rigunan leda,
alhali doka ta ce sittin, ba ƙari.

Kowa a shagon dodanni yake tarawa,
masu aman wuta, masu haƙoran zinariya.
Ni teku na zaɓa.
Ƙaguwa huɗu, zalɓe uku, kwale-kwale biyu,
koma mai kama duk wanda ya yi gaggawa,
sai Cikowar Ruwa, wadda in ta samu isowa
takan share tebur kamar ba a taɓa zama ba.

Michiru ta baje su, tana tauna bakin biro.
Ta ce, "Ƙaguwoyinki sun yi kyau, sai dai ba sa cizo.
Kafin ruwanki ya ciko an gama suɗe ki."
Na yi dariyar yaƙe.
Sati uku ina shan kashi.
Wani yaro, Ritsuki, shekararsa sha ɗaya,
ya gama da ni shayina bai ko huce ba,
ya rusuna, ya yi godiya, ya koma wurin uwarsa.

Jirgin ƙarshe ya maido ni gida.
Na zauna a ƙasa, littafi a cinya.
Na cire zalɓe, na sa guguwa.
Na cire guguwa. Na mayar da zalɓe.
Katin gishiri, wanda da shi ake biyan kowane motsi:
ashirin da huɗu, hannu ya cika da banza,
ashirin da biyu, hannu ya bushe.
Na cakuɗa, na ja bakwai, na rubuta,
na sake cakuɗawa,
har maƙwabci ya tashi tafiya aiki.

Duk da haka ɗaya ya yi yawa,
kuma na san wanne ne.
Tsoho Mai Fitila.
Ba ya duka, ba ya tarewa,
iyakarsa ya haska maka kati ɗaya na sama.
Amma ku dubi zanen:
doron nan, hular nan da ta karkace,
kakana Sadakichi ne a gaɓar Wakayama,
yana jiran jiragen da suka yi dare.

Na ɗaga shi, na ajiye. Hannuna ya ƙi.
Sai idona ya faɗa kan Sarkin Kifi na Zinariya,
rabin albashina na watan Mayu,
mai ƙarfi, mai ƙyalli,
baƙo a cikin masunta.
Sau nawa ya zauna mini a hannu kamar dutse
ina jiran gishirin da zan biya shi?
Na zare shi daga rigarsa.
Sittin.

Ranar gasa na ci biyu, aka ci ni biyu.
Na biyar, ga Ritsuki.
Dodanninsa sun cika tebur, saura ƙiris,
na ajiye tsohon, ya ɗaga fitila,
na ga ruwa yana tafe.
Na jure zagaye ɗaya da ƙaguwa ɗaya tal.
Ruwa ya zo, ya kwashe su kaf.

Shi ya ci dai, daga baya, da kyar.
Amma da na kai hannu ga kofina
shayin ya yi sanyi ƙalau.
Yaron bai tashi ba.
Ya ce, "Ko zan iya ganin tsohon nan?"
Ya riƙe shi da hannu biyu, ya daɗe yana karantawa.

Da zan fita, Tsunehiko ya ƙwanƙwasa gilashi:
wani sabon kati, mace mai ɗinkin koma.
Na tsaya. Na laluba jaka.
Na sauka matakala cikin ƙamshin romo
da sittin da ɗaya.