Ƙofar Ruwa ta Bakwai

Ranar Talata na kawo Baba kurmin nan,
ba kowa sai mu da yayyafi.
Likita ya ce a riƙa fita da shi.
Fita zuwa ina, na ce a raina,
mutumin da ɗakinsa ma ya zame masa baƙunta?

Kurmin yana nan yadda muka bar shi.
Itatuwan da suka girmi kakan kakana
sun sha rigunan gansakuka har wuya,
ƙasa na ƙanshin jiƙaƙƙen ganye.
Kurege ya gilma,
Baba ya cire hula ya gaishe shi.
Ni rabon da ya kira sunana tun Kirsimeti.
Nerys ɗin da ya raɗa mini da bakinsa
ta faɗi a wani wuri, ba a tsince ta ba.

Muka ratsa kangon tsohuwar majami'a:
rufi ya tafi, tagogi sun zama idon da ba ƙwaya,
tumaki na kiwo inda ake durƙuso a da.
Allon ƙarfe ya ce shekara ɗari takwas.
Na karanta masa da ƙarfi,
ya ce safarsa ta jiƙe.
Matoyar farar ƙasa, da baƙin bakinta cike da ƙaya,
ko kallo ba ta ishe shi ba.

Sai gangare, sai ruwa.
Ba kogi ba ne; kogi shi ke zaɓar hanyarsa.
Wannan da diga da shebur aka haƙa shi,
miƙaƙƙe kamar tsagar kitso,
don jiragen kwal su gangara teku,
doki na ja daga gaɓa.
Yau ba kwal, ba doki,
sai zalɓe guda a kan ƙafa ɗaya
kamar mai jiran a biya shi bashi.

A ƙarƙashin gada Baba ya ja birki,
ya zura yatsa cikin wata tsaga a dutse.
"Igiya ce ta ci nan," ya ce,
"jiƙaƙƙiyar igiya mai yashi a jiki."
Na ƙirga kalmomin kamar kuɗin tsintuwa.

A ƙofar ruwa ta bakwai
wani siririn jirgi, ja da kore, ya maƙale.
Saurayi na kokawa da marfin ƙasa,
matarsa na dariya riƙe da sitiyari.
Baba ya fizge hannunsa daga nawa.
"Rufe na sama tukuna!
So kake ka zubar da ruwan mutane?"
Ya karɓi mabuɗin ƙarfen, ya murza,
haƙoran suka amsa, ƙas, ƙas, ƙas.
Ya jingina baya da katakon ƙofa, ya tura,
dugadugansa na samun kowane bulo
ba tare da ya duba ƙasa ba.
Ruwa ya shigo yana gurnani,
jirgi ya taso a hankali kamar kwaɓin burodi.

Matar ta tambayi sunansa.
"Emlyn Prosser. Shekara talatin da ɗaya a ƙofar nan.
Waccan kuma 'yata ce."
Ya juyo, ya buɗe baki.
Na riƙe numfashi har ƙirjina ya yi zafi.
"Ita ce ta faɗa nan ciki tana 'yar shekara biyar,
garin bin agwagwa."

Sunan bai zo ba.
Agwagwar ce ta zo, na karɓa hannu biyu.

Kafin mu kai mota
ya tambaye ni ko ni ce sabuwar nas.
Na ce ni ce.
Tafinsa ya yi baƙi da man ƙarfe,
ya goga mini a hannun riga bai sani ba.
Rigar tana rataye a bayan ƙofa.
Yau kwana tara, ban wanke ta ba.