Tsuntsun da Ke Hannun Yaron

Ranar Talata Malam Irmiya ya shigo shagona a Kakuri,
katikis ɗin da ya binne uwata,
da wani abu naɗe a zanen matarsa.
Ya ce, "Gara ta ci katakon. A gyara mana kafin Kirsimeti,
a sa gilashi, yara sun dame shi da taɓi."

Na kwance zanen a bencin aiki,
tsakanin gam da ƙusoshi.
Tsohon hoto ne, ya girmi cocin da aka ciro shi.
Wani fada ne ya zo da shi a jirgin ƙasa, in ji Malam,
tun masaƙar nan ba ta fara kuka ba,
balle ta yi shiru.

Maryamu ce, da mayafi shuɗi
kamar an tsoma shi a marina sau bakwai.
Bayanta ruwan zinare, ya tsattsage
kamar gindin tafki a bazara.
A cinyarta, yaro.

Na daɗe ina kallon yaron nan.
Jikin na jariri ne, har da ƙiba a wuyan hannu,
amma fuskar ta dattijo ce,
idon wanda aka gaya wa labari tun daga farko har ƙarshe
aka ce ya yi shiru.
A hannunsa ɗan tsuntsu mai jan kai.
Bai matse shi ba, bai sake shi ba.

Na ce a raina, wanda ya zana wannan bai taɓa reno ba.
Ko kuwa ya yi, ya binne.

Sai ga Tabita daga makaranta,
autata, shekararta biyar,
safa ɗaya a ƙafa, ɗayar sai Allah.
Ta hau gwangwanin fenti, ta leƙa.
"Baba, wa ya doke shi?"
Na ce ba kowa.
"To me ya sa ba ya dariya?"

Me zan ce mata?
In ce jan kan tsuntsun nan jini yake nufi,
akwai ƙaya a gaba tana jiran wannan goshi?
Ita da ta yi kuka jiya
don ƙadangare ya gudu ya bar wutsiyarsa,
ta haƙa rami a bayan shago ta rufe wutsiyar,
har da addu'a?

Na ce, "Barci yake ji."
Ta yarda.
Haka take shanye maganata,
kamar ƙasa da ruwan fari.

Ta laluba aljihu, gyaɗa uku.
Ta jera biyu a gefen hoton,
ɗaya ta yaron, ɗaya ta tsuntsun.
Ta ukun ta juya ta, ta juya ta, ta jefa a baki.
"Mamansa ta ƙoshi," in ji ta.

Da dare, da suka ɗauke wuta,
na haska fitila ina auna maɗaci,
sai na ga babban yatsan ƙafar yaron.
Fentin wurin ya kau, ya koma fari fat.
Ba gara ba ce wannan.
Yatsu ne, ƙanana, shekara da shekaru,
iyakar inda hannun ɗan yaro ke kaiwa
idan ya yi ɗage.
Wataƙila har da na uwata.
Wataƙila har da nawa, kafin in san
me ake nufi da jan kan tsuntsu.

Na yanka gilashin, tunda shi aka biya ni in yi.
Na buga ƙusoshi goma sha biyu.

Da safe na tarar da maiƙon gyaɗa a gilashin,
zanen yatsa guda, daidai kan ƙafar.
Na ɗauki tsumma.
Ga babur ɗin Malam Irmiya yana tari a bakin titi.
Na mayar da tsumman aljihu,
na naɗe hoton a zanen matarsa.