Iskar Dariya

Asubar Lahadi a Kwalam,
na tada a-kori-kurata a ƙofar gida.
Buhun riɗi goma sha huɗu, da awakin Iya Gambo biyu,
injin na tari kamar tsohon da ya kwana a waje.

Tsalha makanike ya taɓa nuna min abin,
yana kwance a kan kwali ƙarƙashinta:
wata 'yar tukunya a wuyan salansa,
cikinta saƙar zuma, amma ta farin dutse.
Yaran gareji indomi suke ce mata.
Ya ce, "Nan hayaƙi ke shiga da dauɗa
ya fito da tsarki.
Kar ka bar 'yan gwangwan su yanke maka ita,
ko nawa suka taya."

Ban sayar ba,
har shekarar da gero ya ƙi.

Sai ga Hansai ta zo hutu daga Dutse,
ta zauna a kan turmi da kofin kunu
tana kallon bututun yana rawa.
"Baba, tukunyarka ba ta yi zafi ba tukuna.
Da sanyin safiya rabin dahuwa take yi.
Gubar da ta kama, ba duka take kashewa ba,
wata takan sauya riga ta fice,
ba launi, ba ƙauri, ba ta sa kowa tari.
Ita ce likita ke shaƙa wa mai ciwon haƙori.
Iskar dariya ake ce mata."

Na kwashe da dariya.
Ta ce, "Ka gani, har ta fara aiki."

Sannan ta ajiye kofin.
"Sama take tafiya, ta haura shekara ɗari ba ta sauko ba,
tana riƙe zafi kamar bargo a bazara.
Mudunta ɗaya ya kusa ɗari uku na hayaƙin da ka sani.
In tukunyar ta tsufa, abin ƙaruwa yake.
Takin zamanin da kake zuba wa masara ma
numfashinsa ke nan bayan ruwa."

Na ce, to gyaran gangar Auzinawa aka yi mana?
Gobe in kai wa Tsalha ya datse ta.
"A'a, Baba. Ka tuna ƙirjin 'yan tallan tasha."
To me zan yi?
"Ban sani ba tukuna.
Shi ya sa kake biyan kuɗin makaranta."

Na ɗauki hanyar Gujungu,
awaki na kuka, rana na leƙowa ta bayan giginya.
Da can, in na duba madubi
na ga ba baƙin komai a bayana,
sai in gyara zaman hula.

Yau na duba sau uku kafin Taura.
Hanya fes, sama fes,
wata yarinya na kora shanu cikin iska mai kyau.
Ban taɓa hular ba.