Ɗurin Baba

Elwood Zerbe ya cika ran Laraba, cikin Maris,
ya bar mini gida mai yoyo, da bashin bakanike,
da doguwar bindigar nan ta saman murhu,
mai jar ƙota, zane-zane kamar gadon bayan damisa.

Sai da ganye ya gama zuba na sauke ta.
Na zura mata sandar ɗuri yadda ya koya mini,
sanda ta cije
ba ta kai tsagar da ya yi mata da wuƙa ba.
Saura yatsa biyu.
Ashe da ciki ya tafi ya bar ta.

Albarushin da ya auna da bakin ƙaho,
ƙyallen da ya yaga jikin tsohuwar rigar matashi
ya jiƙa da yawunsa,
dalmar da ya narka a ludayin ƙarfe yana tari,
duk suna kwance can ƙasa, a duhu, tun bara,
ba wanda ya gaya musu an yi rasuwa.

Harlan Kutz ya leƙo ta kan shinge:
“Kawo in zare miki da ƙugiya, Lorna,
tsohon ɗuri ba abin amana ba ne.”
Na ce masa na ji.

A nan Fensilbaniya, in Kirsimeti ta wuce,
masu bindigar zamani sun rataye tasu,
daji ya koma hannun ’yan ƙyastu.
Ƙanƙara a haƙorin kunama,
ƙanƙara a ƙarƙashin takalmi,
wannan ta haifi wuta, waccan ta kashe ta.

Kwana tara ina hawan Tuskarora kafin asuba,
na rufe makunnin da fatar gwiwar saniya don laima.
Sau uku barewa ta tsaya mini a fili,
sau uku na ɗaga, na sauke.
Wa zai kashe kalmar ƙarshe ta ubansa
a kan nama?

Rana ta goma ga namiji, ƙaho ɗaya a karye,
yana tonon dusa da ƙafar gaba,
hucinsa na tashi fari-fari.
Ban yi shawara da kowa ba,
yatsa ne ya gaji da jira.

Ƙyas!
Tartsatsi, fuu a ɗan kasko,
sai shiru.

“In ta yi nawa kada ki sauke,
riƙe ta a kafaɗa, ki ƙirga.”
Ina shekara goma sha ɗaya ya faɗa mini.
Ɗaya.
Sanyi na cizon kunnena.
Biyu.

Ta amsa.
Ta naushi kafaɗata kamar yadda yake yi
ranar da na kawo sakamako mai kyau,
hayaƙi ya tsaya a gabana, tsayin mutum,
da warin ruɓaɓɓen ƙwai da ke bin rigunansa,
ya ɗan jima, bai ce komai ba,
iska ta ja shi gangare.

Babu barewa. Babu ɗigon jini.
Sai farin rauni a jikin bishiya,
kamu guda sama da inda na auna.
Na zauna a dusa ina dariya har majina:
Baba, shekara arba’in kana harbi sama,
ka mutu ma ba ka gyara ba!

Da dare na tafasa ruwa a kicin,
na tsoma gindin bututun a bokiti,
ina turawa, ina ja,
ruwa ya fito baƙi ƙirin, ya koma toka-toka,
a ƙyalle na bakwai ya fito fes.
Na zura sanda.
Ta sauka har tsaga, ta yi ƙara kamar an taɓa kwano.

Saura kwana huɗu a rufe daji.
Da asuba na cire toshiyar ƙaho da haƙori,
na tsiyaya nawa awon,
kaɗan ya zube kan tebur.
Na share da gefen hannu, ban kira kowa ba.